Kifi Ma Yana da Haƙƙin Inuwa



Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin halittun tudu da na ruwa, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Ƙasarmu ta arewacin Jihar Kaduna, tun daga Ɗandamisa da Maƙarfi har zuwa Ikara da Kudan da Hunƙuyi, an san ta da rake da tumatir da barkono da masara. To amma kamar yadda yake faruwa a sauran sassan Arewa, kiwon kifi ya shigo cikin jerin sana'o'in da matasa ke sha'awa. Wannan ya gina kwami na siminti a bayan gida, wancan ya kafa na tamfol, wani kuma ya haƙa tafki a gefen fadama. Ba abin mamaki ba ne, domin Nijeriya tana cikin ƙasashen da ke kan gaba a duniya wajen kiwon tarwaɗa, kuma a shekarun 2014 da 2015 kifin da aka kiwata a ƙasar ya haura tan 300,000 a kowace shekara.

Sai dai duk wanda ya zauna da masu wannan sana'a ya san kukan da suka fi yi, wato mutuwar 'ya'yan kifi a kwanakin farko bayan ƙyanƙyasa. Wasu su ɗora laifin a kan abinci, wasu a kan ruwa, wasu ma su ce baki ne ko hassadar maƙwabta. Akwai wani dalili guda da ba kasafai ake ambatonsa ba, alhali kullum yana tsaye a saman kawunanmu, wato rana. Ra'ayina a wannan rubutu shi ne, inuwa haƙƙi ce ta kifi a kan mai kiwonsa, daidai da abinci da tsabtataccen ruwa. Amma kafin mu kai ga hukunci, ya kamata mai karatu ya fahimci abin da rana ke yi wa jikin kifi, da kuma irin tanadin da aka yi masa na gyara.

Hasken da ido ba ya gani

Hasken rana gauraye yake da launuka iri-iri, kamar yadda muke gani a jikin bakan gizo. Bayan launi na ƙarshe da idon ɗan Adam ke iya kamawa, akwai wani ɓoyayyen haske da masana ke kira altirabayolet, ana taƙaita sunansa da UV. Sun kasa shi gida uku gwargwadon tsawon zangonsa. UV-A yana tsakanin nanomita 315 zuwa 400, UV-B yana tsakanin 280 zuwa 315, UV-C kuwa shi ne wanda ya gaza 280. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Iya gajartar zango iya ƙarfin duka. Saboda haka UV-C ya fi kowanne haɗari, sai dai rufin iskar ozon da ke can sararin samaniya yana shanye shi kaf kafin ya iso ƙasa. Wannan rufi yana shanye mafi yawan UV-B, saura kaɗan ya tsallako. UV-A kuwa kusan dukkansa yana isowa.

Mu da muke zaune kusa da tsakiyar duniya rabonmu daga wannan haske ya fi na mutanen Turai nesa ba kusa ba. Yankinmu yana wajen daraja 11 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka sau biyu a shekara, a watan Afrilu da kuma watan Agusta, rana takan tsaya daidai tsakar ka da azahar, har mutum ya rasa inuwarsa. Idan rana ta tsaya haka, haskenta yana ratsa iska ta hanya mafi gajarta, ba a tace shi sosai. Bugu da ƙari, rufin ozon a bisa ƙasashe masu zafi bai kai kaurin na bisa ƙasashe masu sanyi ba, kuma haka yake tun asali. A Agusta gizagizan damina suna yi mana laima. A Maris da Afrilu kuwa, bayan hazon hunturu ya washe kafin ruwa ya sauka, babu abin da ya raba mu da ita.

Ɓarnar da yake yi

A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikin kifi, kamar yadda yake a jikin mutum da dabba da tsiro, akwai wani dogon zare mai igiya biyu a tufke da ake kira DNA. Shi ne kundin da ke ɗauke da umarnin yadda za a gina jiki, da yadda za a gudanar da shi, kuma shi ake gadarwa 'ya'ya. An rubuta kundin da haruffa huɗu kacal, A da T da G da C, kowane harafi a igiya ɗaya yana riƙe da abokinsa a ɗaya igiyar: A da T, G da C.

Idan UV-B ya faɗa kan wurin da haruffa biyu daga cikin T da C suke maƙwabtaka a igiya guda, sai ya sa su manne wa juna, kamar dai shafuka biyu na littafi da ruwa ya jiƙa suka liƙe. Wurin sai ya lanƙwashe. Duk lokacin da ƙwayar ta zo karanta kundin, ko kwafe shi don ta rabu biyu, sai aikin ya tsaya cak a wannan ƙulli, ko kuma a kwafa da kuskure, a rubuta T a gurbin C. Idan ƙulle-ƙullen suka yi yawa, ƙwayar takan kashe kanta. Idan kuwa ta rayu da kuskuren, tana iya zama tushen ciwon daji. Shi kuma UV-A hanyarsa ta fi zagaye: yana tayar da wasu sinadarai masu zafin nama daga iskar da muke shaƙa, su kuma su riƙa cin haruffan kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe.

Babban kifi yana da kaurin fata da duhun launi, yana kuma iya nutsawa ƙasa. Abin tausayi shi ne ƙwai da ɗan tsakon kifi. Ƙwan tarwaɗa yana ƙyanƙyashewa cikin kwana ɗaya ko fiye da haka kaɗan idan ruwa na da ɗumi, abin da zai fito kuwa bai kai rabin farce ba, jikinsa kusan garai-garai, ba ya iya gudu, kuma ƙwayoyin jikinsa suna rarrabuwa ba dare ba rana. Wannan shi ne lokacin da kuskure ɗaya a kundi ke iya zama karkataccen ƙashin baya ko nakasasshiyar zuciya. Masu bincike a Jami'ar Asyut ta ƙasar Masar, tun daga shekarar 2007, sun gwada haska UV-A a kan irin wannan tarwaɗa tamu, suka ga lahani a fata da jini na manyan, suka kuma ga nakasa da ƙaruwar mutuwa a ƙwai da 'ya'yan. Tun a shekarun 1980 aka bayyana ƙunar rana a gonakin kifin salmon na Sukotland: fatar gadon baya ta sale, sannan cututtuka su samu ƙofar shiga. Hausawa dama sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A shekarar 2012 ma an ba da rahoton ciwon dajin fata a jikin wasu kifayen teku a gaɓar Ostareliya, inda kusan 15 cikin 100 na waɗanda aka duba suke da tabon.

Magani a cikin abin da ya kawo cuta

A nan ne, ya ɗan'uwa mai karatu, abin al'ajabin yake. A jikin kifi akwai wani sinadari ma'aikaci da ake kira fotolayes. Aikinsa shi ne ya bi zaren DNA yana lalube har ya tarar da haruffan nan da suka manne, sai ya zauna a kansu. Ba ya iya komai a cikin duhu. Amma da zarar shuɗin haske na rana ya same shi, sai ya ɗauki ƙarfin hasken ya tsinka ƙullin, haruffa su koma yadda suke, ba a cire komai ba, ba a ƙara komai ba. Tsinkawar tana kammala cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa biliyan na daƙiƙa. Wato ranar da ta yi rauni da wani sashe na haskenta, ita ce ke ba da ƙarfin ɗinke shi da wani sashen.

Albert Kelner ne ya fara lura da wannan a Amurka a shekarar 1949, yayin da ya ga ƙananan halittun da ya haska wa UV suna farfaɗowa idan aka bar su a haske. Claud Rupert da abokan aikinsa suka gano cewa wani sinadari ne ke yin aikin, a ƙarshen shekarun 1950. Wanda ya tono asirin yadda yake aiki dalla-dalla shi ne ɗalibin Rupert, Aziz Sancar, Baturke haifaffen ƙaramin garin Savur a lardin Mardin a shekarar 1946, wanda ya samu kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2015 tare da Tomas Lindahl da Paul Modrich, saboda aikinsu kan gyaran DNA.

Kifi ya taka muhimmiyar rawa a wannan ilimi. A shekarar 1977 Richard Setlow da abokansa biyu suka ɗauki ƙwayoyin jikin wani ƙaramin kifi suka haska musu UV, sannan suka zuba su a jikin 'yan'uwansa. Da yawa daga cikin waɗanda aka zuba wa suka yi ƙari. Amma da aka fara nuna wa ƙwayoyin haske na gani bayan UV ɗin, don fotolayes ya yi aikinsa, sai ƙarin ya ragu ƙwarai. Wannan ya zama hujja mai ƙarfi cewa mannewar haruffan nan tana daga cikin tushen ciwon daji. A 1992 kuma masana a Japan suka gano cewa a jikin kifin zinari, haske da kansa yana sa ƙwayoyi su ƙara yawan fotolayes da suke ƙerawa, tamkar garin da ke ƙara masu gadi idan ya hango ƙurar mahara.

Akwai hanya ta biyu ta gyara wadda ba ta bukatar haske. A nan wasu gungun ma'aikata ne ke zuwa su yanke guntun igiyar da ta lalace, kimanin haruffa 30, sannan a cike gurbin ta hanyar duba ɗaya igiyar mai lafiya, kamar yadda tela ke yanke wurin da ya ƙone a riga ya sa maho. Wannan hanya tana ɗaukar lokaci, tana kuma cin ƙarfin jiki. Kifi yana da hanyoyin biyu. Masara da raken da ke gonakinmu ma suna da fotolayes. Amma ɗan Adam, da saniya da akuya da raƙumi, ba su da shi. Hanyar yanke-da-maho kaɗai suka dogara da ita. Shi ya sa yaran da aka haifa da tawaya a wannan hanya, cutar da James Cleaver ya bayyana tushenta a 1968, ba sa iya fita rana ba tare da fatarsu ta lalace ba. Wani abin lura kuma, a 2018 aka gano cewa wani makahon kifi da ke rayuwa a ruwan ƙarƙashin ƙasa a Somaliya, inda rana ba ta taɓa leƙawa, ya rasa wannan gyara na haske. Kowace halitta da kayan aikin da ya dace da mazauninta.

Bayan gyara akwai garkuwa. A 2015 aka tabbatar cewa kifi yana ƙera wani sinadari mai suna gadusol da ke shanye UV-B, a 2023 kuma masana a Jami'ar Utah ta Amurka suka nuna cewa uwa ce ke zuba wa ƙwanta shi kafin ta saka, ya zama laimar ɗan har lokacin da launin fatarsa zai yi duhu.

Inda namu laifin yake

Duk wannan tanadi yana da iyaka. Lamarin kamar kwale-kwale ne mai yoyo da ake kwashe ruwansa da ƙwarya: muddin kwasa ta fi yoyo sauri, ana tafiya lafiya, ranar da yoyo ya rinjayi kwasa, sai nutsewa. Abin da ke hana ɓarna rinjayar gyara a daji shi ne mazaunin da kifi yake ciki.

Mu dubi tarwaɗa a inda take rayuwarta ba hannun mutum. Ba ta saka ƙwai sai damina ta kankama, rafi ya cika ya malala cikin ciyayi. Da dare take sakawa. Ƙwan yana manne wa ciyawa, a cikin jan ruwa mai laka wanda UV-B ba ya iya ratsa shi da nisa, a lokacin da sama ke lulluɓe da gizagizai. 'Ya'yan da suka fito kuwa gudun haske suke yi, suna cunkushewa a lungu mafi duhu. Ita kuma karfasa, uwar ce ke kwashe ƙwanta ta riƙe a baki har su ƙyanƙyashe, ta ci gaba da ba su mafaka a nan na wasu kwanaki. Ko'ina ka duba, inuwa ce a kan inuwa.

Yanzu mu dubi abin da muke yi. Mun koyi yi wa uwar kifi allura ta ba da ƙwai a kowane wata, har da Maris da Afrilu. Muna shimfiɗa ƙwan a kan raga cikin ruwan da bai wuce taƙi ɗaya ko biyu ba. Ruwan kuma na rijiyar burtsatse ne, fari tas, wanda ba shi da laka ko ruɓaɓɓen ganyen da zai tare haske. Idan aka yi wannan a fili ba rumfa, an tuɓe wa ɗan kifi dukkan rigunan da aka halicce shi a cikinsu, an bar shi da gyaran cikin jiki kaɗai.

Haka abin yake a rafuka da madatsun ruwanmu. Mun sare itatuwan bakin rafi don itacen girki da faɗaɗa gonar rani, mun ƙone ciyayin gaɓa. Injinan ban-ruwa suna zuƙe kududdufai a tsakiyar rani har kifin da ya rage ba shi da zurfin da zai nutsa. Sannan ga wankin babur da mota a bakin ruwa, da zubar da baƙin mai. Wannan na ƙarshe ya fi yadda ake zato muni, domin a cikin mai akwai sinadaran da ke shiga jikin ɗan kifi, idan UV ya same su a can sai gubarsu ta ninka sau da yawa. An ga haka a zahiri bayan jirgin ruwan Cosco Busan ya zubar da mai a mashigin San Faransisko na Amurka a watan Nuwamba na 2007: ƙwan kifin da ke bakin gaɓa, inda rana ke isa, ya mutu ya narke, alhali na can cikin zurfi bai yi irin wannan mutuwa ba. Hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Wani zai ce

Wani zai ce ai mafi yawan mutuwar 'ya'yan kifi daga gurɓacewar ruwa take, da ƙarancin iska, da cunkoso, da rubdugun manya a kan ƙanana. Wannan gaskiya ne, kuma duk wanda ya bar waɗannan ya tsaya kan rana kaɗai ya yi sake. Wani kuma zai ce tafkunan ƙasa ruwansu kore ne ko ja, haske ba ya ratsa su. Wannan ma haka ne, kuma hujja ce a gare mu, domin tana nuna cewa kariyar tana cikin launin ruwa da zurfinsa, waɗanda kwamin ƙyanƙyasa ba shi da su. Abin da ya kamata a gane shi ne, masifu suna taimakon juna. Ɗan kifin da ke kashe ƙarfinsa wajen ɗinke kundinsa, fatarsa kuma ta yi rauni, shi ne wanda ƙaramar cuta ko ɗan canjin ruwa ke kayarwa. Ga shi kuma a cikin dukkan matsalolin nan babu mai arhar magani kamar wannan. Abincin kifi sai da kuɗi masu yawa, man janareta haka, amma zana da kara da asabari suna nan a kowane ƙauye.

Ba kuma ana nufin a rufe kowane tafki ruf ba. Tafkin ƙasa yana bukatar rana don ƙananan tsirran da ke ba da iska da abinci su yaɗu, a hunturu kuma ruwa na bukatar ɗumi. Abin nema shi ne a ba kifi zaɓi, wuri mai rana da wuri mai inuwa, shi ya san lokacin da zai koma kowanne.

Abin da ya rage gare mu

Mai ƙyanƙyasa ya yi aikinsa a ƙarƙashin rufi, ya kuma kare gefe, domin wani kaso mai yawa na UV daga faɗin sama yake watsowa, ba daga ƙwayar rana kaɗai ba. Mai kwami a fili ya yi masa rumfa ko da rabi ne, ya kuma ƙara zurfin ruwa a bazara. Jigilar 'ya'yan kifi da tantance su a yi da sassafe ko da yamma. Masu gonakin bakin rafi su bar layin itatuwa da ciyayi a gaɓa, masu unguwanni da sarakunan ruwa kuma su hana wanki da zubar da baƙin mai a wuraren da kifi ke hayayyafa. Muna da Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya kusa da mu, tare da cibiyarta ta wayar da kan manoma da ke Samaru, akwai kuma cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a Sabuwar Bussa; ya dace ɗalibanmu su auna wannan al'amari a ruwanmu da ranarmu, su fassara sakamakon da Hausa. Shi ma mai aikin, wanda ba shi da fotolayes a jikinsa, kada ya raina malafa da riga mai dogon hannu, musamman 'yan'uwanmu zabiya waɗanda rana ta fi yi wa illa.

Duniya ta riga ta nuna cewa irin wannan rigakafi yana aiki. Da masana na Ingila suka bayyana a 1985 cewa rufin ozon ya yi ɓuli a saman Antatika, ƙasashe sun haɗu a 1987 suka sa hannu kan yarjejeniyar Montiriyal ta daina ƙera iskar firji da ta feshi da ke cinye shi. Kowace ƙasa ta shiga, har da Nijeriya, kuma rahoton masana na 2022 ya nuna rufin yana warkewa, ana sa ran ya koma yadda yake a 1980 wajen shekarar 2040 a mafi yawan sassan duniya. Idan al'ummai sun iya haɗuwa don gyara rufin sama, ba zai gagari mutum ɗaya ya ɗora zana a kan kwaminsa ba.

Kifin rafi yana da 'yancin gudu zuwa ƙarƙashin saiwa ko cikin laka. Wanda muka tsare a kwami ba shi da inda za shi sai inda muka tanadar masa, kuma kowa ya san labarin matar da ta tsare kyanwa, da abin da malamai suka fitar daga cikinsa game da nauyin da ke kan wanda ya killace mai rai. Kafin mu ce ƙaddara ce ko bakin mutane, mu fara ɗaga kai mu duba ko akwai rumfa.

Allah Ya sa mu dace, Ya sanya albarka a sana'o'inmu, Ya ba mu ikon riƙe amanar abin da ke ƙarƙashin hannunmu.